Aikin lambu a Ingila daga Fabrairu zuwa farkon Maris: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Duk shekara, da zarar rana ta ɗan leƙo a watan Fabrairu, 'yan'uwanmu mazauna Ingila masu ɗan fili a bayan gida, da waɗanda suka karɓi hayar fili daga ƙaramar hukuma, sukan aiko mini da tambayoyi iri ɗaya. Na tattara su a nan domin wanda zai sake tambaya ya fara karantawa tukuna.

Rana ta fito, in fara shuka a waje?

A'a. Haske ne ya dawo, ƙasa kuwa tana nan da sanyinta, kuma yawancin iri ba ya tsirowa sai ɗumin ƙasa ya kai kamar digiri 7 a ma'aunin Celsius. Tafarnuwa da waken nan mai faɗi na Turawa suna jurewa, yawancin sauran kuwa ruɓewa za su yi.

To, in yi kaftu kafin lokacin ya zo?

Ka taka ƙasar ka duba takalminka. Idan laka ta manne masa, ka fita daga fangalin, domin tattaka jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danne ta har iska da ruwa su kasa ratsawa, musamman a Landan da kewayenta inda yumɓu ya yi yawa. Ka tuge ciyawa tun tana ƙarama, ka shimfiɗa ruɓaɓɓen taki mai kaurin kamar santimita 5, tsutsar tana za ta shigar maka da shi ƙasa.

An ba ni kashin doki kyauta, in zuba?

Idan ɗanye ne, kada ka zuba. Ka tara shi a gefe har ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ko da ya ruɓe, ka fara gwada shi a tukunya da ƙwayar wake, saboda akwai maganin kashe ciyawa da ke bin harawar da dokin ya ci ya zauna a cikin kashinsa. Idan ganyen waken ya fito a nannaɗe, kada takin ya kusanci tumatirinka.

Yaushe zan shuka attarugu, kuma yaushe zan fitar da shi waje?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma ba ta da amsa guda. Attarugu yana da nawa wajen tsirowa da wajen nuna, don haka shi kam a cikin Fabrairu ake shuka shi, amma a cikin ɗaki, a ƙaramin mazubi, inda ɗumi yake tsakanin digiri 25 zuwa 30. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya huda ƙasa, wani lokaci fiye da haka, saboda haka kada ka zubar da mazubin bayan kwana goma ka ce irin ya mutu. Sai dai akwai sharaɗi: a tsakiyar Fabrairu tsawon yini a Landan bai wuce kamar awa 10 ba, kuma hasken ba shi da ƙarfi. Wanda yake da taga mai fuskantar kudu, ko fitilar renon tsiro, ya shuka yanzu. Wanda tagarsa ke fuskantar arewa, a ganina gara ya jira farkon Maris, ko da hakan zai rage masa yawan abin da zai nuna kafin sanyi ya dawo.

Batun fitarwa waje ya fi wuya. Dare ɗaya na sanyin da ke daskarar da raɓa ya isa ya kashe attarugu da tumatir da kuɓewa baki ɗaya. A kudancin Ingila wannan haɗari yakan wuce wajajen tsakiyar Mayu, a arewaci da Sukotland kuwa yakan kai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma ko a gari ɗaya filin da ke kwari ya fi wanda ke jikin bango sanyi. Ka tambayi dattijon da ya daɗe yana noma kusa da filinka, ka riƙa duba hasashen yanayi, sannan ka sabar wa tsiron da iskar waje na kamar mako biyu, ka fitar da shi da safe ka mayar da shi ɗaki da yamma. Duk da haka ba zan yi maka alkawarin attarugu zai nuna a fili ba. A ɗakin gilashi ko rumfar leda ne na fi amincewa da shi.

Tsirona ya yi tsawo, siriri, yana kwantawa. Ya lalace ke nan?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Ɗumi ne ya yi masa yawa, haske kuma ya yi kaɗan. Ka ɗauke shi daga kan hita, ka matsar da shi jikin taga. Idan tumatir ne, ka binne karan har kusa da ganyen farko lokacin dashe, zai fitar da sabbin saiwoyi.

Zan iya datse duk bishiyoyin lambuna yanzu?

Ba duka ba. Tuffa da fiyar Turawa (pear) ana rage musu rassa yanzu, kafin su fara toho. Bishiyar fulam (plum) da ta ceri (cherry), masu 'ya'ya da ƙwallo ɗaya a ciki, kuwa sai tsakiyar lokacin zafi, domin yankansu a cikin sanyi yana buɗe ƙofa ga wata cutar funfuna da ke mayar da ganye ruwan azurfa. Shingen gida na ɗanyun itatuwa ma a gama aske shi kafin Maris. Tsuntsaye suna fara sheƙa daga nan har zuwa Agusta, kuma dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita.

Zan sa a taho mini da iri daga gida.

Wannan ba tambaya ba ce, kuma na sha faɗa cewa ku daina ɗora wa matafiya wannan nauyi. Shigo da irin shuka Birtaniya daga Nijeriya ko Nijar yana buƙatar takardar shaidar lafiyar tsiro, kuma an kafa dokar ne don kare gonakin mutane daga cututtuka. Irin kuɓewa da alayyahu da attarugu duk ana sayar da su a nan.

Yakuwa za ta yi?

Ganye za ta yi, za ka sha miya. Zoɓo kuwa da wuya, saboda ba ta yin fure sai yini ya gajarta, lokacin kuma sanyi ya riga ya kawo kai. Ita da kuɓewa ka bar shukarsu sai Afrilu, a cikin ɗaki.

Idan ba shuka, me zan yi a watan nan?

Aiki yana nan jingim. Ka wanke tukwane da gilashin rumfa domin haske ya shiga, ka wasa almakashi, ka gyara shinge da randar tara ruwan sama. Ka jera irin dankalin Turawa a kwalin ƙwai, a wuri mai haske marar zafi, ya yi gajeren toho kafin a binne shi daga ƙarshen Maris. Ka ɗaga katako da tukwane ka kwashe dodon koɗi da ƙwayayensa, kuma idan kana da ragowar maganinsa na metaldehyde, ka sani an hana amfani da shi tun Afrilun 2022.