"Ganye Ne Kawai, Goggo": Abin da Na Gani a Cikin Karan Tabar Ɗumame

Ɗan yayana ya dawo daga Dubai saro kaya, ya kwana biyu a gidana. Da safe na shiga share ɗakin baƙi sai na tarar da wani ɗan abu a jikin caji, kamar ƙaramar tocila, gefensa da kwalin wasu gajerun karare. Da na tsare shi da tambaya, ya sunkuyar da kai yana susar ƙeya: "Wallahi Goggo ba sigari ba ce. Ba wuta, ba toka. Ganye ne kawai ake ɗumamawa."

Shekara goma sha ina aikin lafiya a asibitin sha-ka-tafi, kuma na saba jin wannan kalma ta "ganye ne kawai". Na ɗauko reza na tsaga kara ɗaya a gabansa. Babu yankakken ganye irin na sigari a ciki. Abin da ya fito wata siririyar takarda ce mai ruwan ƙasa, an tattare ta an nannaɗe, tana ɗan danƙo a yatsa.

Wannan takardar ita ce labarin gaba ɗaya. Ganyen taba ake niƙewa ya koma gari, a kwaɓa shi da ruwa da gilisarin (wani ruwa mai kauri da zaƙi-zaƙi) da wani danƙo mai haɗa shi, a shimfiɗa ya bushe, sannan a yanka. Duk macen da ta taɓa kai niƙa inji ta san tsaki daban, garin tuwo daban, garin kunu daban, kuma kowanne da irin dahuwarsa. To haka masu ƙera karan nan suke zama su auna laushin garin. In ya yi tsaki-tsaki, zafi ba ya ratsa shi daidai, takardar ma yagewa take yi. In ya yi laushi sosai, zafi na taɓa ko'ina a lokaci guda, nikotin ya fito da sauri, kowace zuƙa ta zo daidai da ta baya. Gilisarin kuma shi ne ke tashi ya zama farin tururin da ke ɗauko nikotin ɗin. Ba don huhunka aka yi wannan lissafi ba, ɗana. An yi ne don zuƙa ta yi santsi, maƙogwaro kada ya yi ƙaiƙayi, gobe ka sake saye.

Ni tabar ɗumame nake ce mata. Kamfanin Philip Morris ne ya fito da na'urar ɗumama taba mai suna IQOS a 2014, a biranen Nagoya na Japan da Milan na Italiya, British American Tobacco ya biyo baya da tasa mai suna glo a 2016. Gaskiya ne na'urar ba ta wuce zafin digiri 350, alhali bakin sigari kan kai 900 idan ana zuƙa, don haka wasu gubobin ƙuna sun ragu. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a faɗi cewa a IQOS an rage yawan wasu sinadarai, amma ba ta yarda a ce an rage haɗarin ciwo ba. Samari rabin farko suke ji, su toshe kunne a rabi na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya dai matsayinta bai sauya ba: taba ce, kuma taba kowace iri tana cutarwa.

Yanzu ga inda aikina ya fi shafa. Allah ya yi wa hanci da maƙogwaro rariya: gashi da majina. Ƙurar da ta wuce maikuron 10 (maikuron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, silin gashin kai ɗaya ya kai wajen 70) galibi a nan take maƙalewa, shi ya sa in hunturu ya yi hazo kake fyace baƙar majina. Wadda ba ta kai maikuron 2.5 ba kuwa ta fi ƙarfin rariyar, sai can ƙasan huhu, cikin ƙananan jakunkunan da iska ke haɗuwa da jini. Ɗigon tururin na'urorin nan yawancinsu ba su kai maikuron ɗaya ba. Wato ƙanƙantar ɗigon ita ce ainihin abin da ya sa yake kaiwa nesa. Kuma gilisarin in ya sha zafi yakan fitar da sinadarai masu ƙona hanyar numfashi, ko da ba su kai na sigari yawa ba.

Sai ɗan nawa ya ce ai akwai wanda babu taba ko kaɗan, ganyen shayi ne. Akwai kam. Bayan Tarayyar Turai ta hana tabar ɗumame mai ƙamshi a 2023, sai aka shigo da karare na ganyen rooibos, shayin Afirka ta Kudu, aka zuba musu nikotin da ƙamshi. Ganyen ya zama jakin dako kawai, kayan da ya ɗauko ba su canza ba. Zogale ma da muke yabo, ciki aka yi wa shi. Ciki na da ruwan narkarwa da hanta a bayansa tana tacewa, huhu kuwa bai san niƙa ba, bai san tata ba.

Masu juna biyu, masu asma, masu hawan jini, da yaran da ƙwaƙwalwarsu ba ta gama nuna ba, kada ma a zuƙa a ɗakin da suke. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, to iyaye a riƙa duba abin da ke jikin caji, ba kowane abu mai fitila ba ne na waya. Wasu kararen kuma suna ɗauke da siririn ƙarfe a ciki. In yaro mai rarrafe ya haɗiye, kada a ba shi manja ko a sa masa yatsa ya yi amai, a ɗauki kwalin a garzaya asibiti.

Ɗan nawa ya tattara kayansa ya koma kasuwa. Kwalin yana nan a durowata a wurin aiki, duk ranar awo nakan tsaga kara ɗaya in zagaya da shi mata su taɓa, su je gida su gane shi in sun gani.