Haɗa ƙananan motoci da gina musu diyorama a Kano: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tambayoyi iri ɗaya ne suke ta zuwa mini daga matasa da iyayen yara, har ma daga magidanta masu sha'awar wannan aiki, don haka na tattara amsoshin a wuri guda. Ina roƙon duk mai sabuwar tambaya ya fara karanta waɗannan tukuna.

Wannan ba wasan yara ba ne?

A'a. Yawancinmu mun taso muna yin motar kara da motar langa-langa a ƙofar gida, kuma daga can sha'awar ta samo asali, amma a nan ana aiki ne da awo, kowane sashe na ƙaramar motar yana bin girman na babbar.

Mene ne diyorama?

Ƙaramin wuri ne da ake ginawa a kan falanki a ajiye motar a ciki, kamar garejin bakanike, ko bakin tasha, ko ƙofar zaure.

Me ake nufi da 1:24 ko 1:43 da ake rubutawa a jikin kwali?

Ma'auni ne. Idan an rubuta 1:24, an rage motar gaske sau 24 ke nan. Fijo 504 tana da tsawon kusan mita huɗu da rabi, saboda haka a ma'aunin 1:24 za ta zo wajen santimita 19, a 1:43 ta ɗan haura santimita 10, a 1:64 kuma santimita 7. Wannan na ƙarshe shi ne kusan girman motocin Matchbox, waɗanda aka fara yi a Ingila a 1953, da na Hot Wheels da suka fito a Amurka a 1968.

A nan ne nake yawan yi wa mutane faɗa. Mutum zai ɓata mako biyu yana gyaran mota mai ma'aunin 1:43, sannan ya gina mata zauren da ƙofarsa ta ninka tsayin motar sau biyar, ya turo mini hoto yana tambayar abin da ya sa bai yi kyau ba. Ƙofa mai tsayin mita biyu, a ma'aunin 1:43 ba ta kai santimita biyar ba, a 1:24 kuwa santimita takwas ce da ɗan ɗoriya. Bulon siminti mai inci tara, wanda tsawonsa ya kai santimita 45, a 1:24 bai cika santimita biyu ba. Ka ɗauki tef ka auna ainihin abin, ka raba da lambar ma'aunin, ka rubuta a takarda kafin ka yanka komai. Ido yana yaudara, kuma duk wanda ya ce da ido yake awo, aikinsa ne yake tona shi.

Wane ma'auni zan fara da shi?

Idan haɗa mota kake so ka koya, 1:24. Idan ɗakinka ƙarami ne kuma diyorama ce ta fi jan hankalinka, 1:43 ko 1:64.

Ina zan samu motocin a Kano?

Motocin ƙarfe da aka riga aka haɗa ana cin karo da su a wajen masu kayan wasan yara a kasuwar Sabon Gari da manyan kantuna, wani lokaci har cikin kayan gwanjo. Waɗanda suke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali, na roba, irin na kamfanonin Tamiya da Aoshima na Japan ko Revell, galibi sai an yi oda ta intanet ko an ba wa matafiyi saƙo. Mai neman 504 ya duba ma'aunin 1:43, domin kamfanonin Faransa irin su Norev da Solido sun yi ta. Na fi son ganin 504 a diyoramar ɗan Kano fiye da motar tsere, saboda tun 1975 ake harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma da wuya a samu dangin da ba su taɓa tafiya biki ko gaisuwa a cikinta ba.

Zan iya amfani da sufa gulu?

A jikin ƙarfe ko katako, za ka iya. Kada ka kusantar da shi ga gilashin motar, domin tururinsa yana barin farin tabo mai wuyar gogewa. Gilashi da farin gam na kafintoci ake manna shi.

Da wane fenti zan yi amfani, kuma yaushe ya kamata in fesa?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa guda, kuma ina shakkar duk wanda ya amsa ta a jimla ɗaya. Da farko sai an san abin da aka yi motar da shi. Idan ta ƙarfe ce, kuma ka kwance ta ka cire gilashi da tayoyi da kujeru, to fentin mota na gwangwanin feshi yakan zauna mata lafiya, muddin ka goge tsohon fentin da samfefa mai laushi ka fara da fentin shimfiɗa, wato wanda ake fesawa da farko don fenti mai launi ya kama. Idan ta roba ce, akwai haɗari, domin tinar da ke cikin fentin mota tana iya cin robar, jikin motar ya yamutse ko ya yi ƙuraje. Na ce tana iya, ban ce dole ba, saboda gwangwanayen da ke kasuwa ba iri ɗaya ba ne, wani ya fi wani ƙarfi, kuma fentin shimfiɗa mai kyau yakan kare robar idan an fesa shi sama-sama an bar shi ya bushe sosai. Abin da ya fi aminci shi ne fentin akirilik mai haɗin ruwa, sai dai shi ma ba ya kama roba mai santsi idan ba a wanke ta da sabulu an yi mata shimfiɗa ba. Ko wanne ka zaɓa, ka fara gwada shi a kan ragowar robar da sassan motar suke maƙale a jikinta, ka jira kwana ɗaya ka ga yadda ta kasance.

Sai kuma batun lokaci, wanda umarnin da ke jikin gwangwani bai yi la'akari da yanayinmu ba. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska a bushe take ƙwarai, fentin yakan fara bushewa tun kafin ya sauka a jikin motar, sai ya fito da kaushi, ga ƙurar da take sauka a kan duk abin da yake da danshi. A bazara, musamman Afrilu da zafin yake haura digiri 40, matsalar saurin bushewa tana nan, kuma robar da aka bari a rana tana iya lanƙwashewa. Da damina kuwa, a ranakun Agusta masu laima, fenti mai sheƙi yakan yi hazo-hazo ya dushe. Ni dai na fi samun natsuwa da sassafe, bayan an idar da sallar asuba gari ya waye, kafin iska ta tashi kuma kafin a fara sharar tsakar gida. Nakan yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, in riƙe gwangwanin nesa da motar kamar santimita 20 zuwa 25, in matso kaɗan idan hunturu ne, in fesa shafi uku marasa kauri da ɗan jinkiri a tsakaninsu, sannan nan take in kifa mata babbar roba mai tsabta, in ɗan ɗaga gefe guda don iska ta shiga. Wannan ba tabbaci ba ne cewa ba za ka ga ƙwayar ƙura ba, kuma wanda gidansa yake bakin titi sai ya ƙara kiyayewa fiye da wanda yake cikin lungu. Idan ƙura ta hau, kada ka taɓa da yatsa, kada kuma hankalinka ya tashi. Ka bar fentin ya yi kwana biyu ko uku, ka goge wurin da samfefa mafi laushi da ruwa, ka sake fesa shafi ɗaya.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kansa: ba a feshi a rufaffen ɗaki, ko kusa da risho da tukunyar gas, ko inda yara suke.

Na ɓata motata ta farko, in haƙura?

Kada ka haƙura, ƙanena. Ka ajiye ta, ka goga mata launin tsatsa, ka cire taya ɗaya ka ɗora ta a kan ƙananan duwatsu, ta zama motar da ta kwana biyu a garejin bakanike. Irin wannan diyoramar ta fi sabuwar mota mai ƙyalli jan ido.

Me zan gina?

Abin da kake gani kullum. Ina mamakin masu kwaikwayon gidajen Turai da dusar ƙanƙara daga hotunan waya, alhali ga badala, ga Ƙofar Na'isa, ga gine-ginen Gidan Makama da zankwayensu, ga rumfunan masu kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa. Ka je ka tsaya ka duba yadda ruwan sama yake zaizaye katangar ƙasa daga sama, da inda baƙin mai yake taruwa a ƙarƙashin mota, da yadda kwanon rufi yake fara tsatsa daga wajen ƙusa. Idan za ka ɗauki hoton wurin sana'ar wani, ka yi sallama ka nemi izini.

Zan iya yin ginin da ƙasa ta gaske?

Za ka iya, amma kada ka yi katangar da zallar laka, domin a wannan siranta tsagewa take yi idan ta bushe. Ka yanka siffar ginin da kwali mai kauri ko farin soson da ake tallafe firiji da talabijin da shi a kwali, ka shafe shi da farin gam, sannan ka barbaɗa jar ƙasa da ka tankaɗe da rariya mafi laushi. Tankaɗen wajibi ne, saboda tsakuwa mai milimita biyu a ma'aunin 1:43 ta zama dutsen da ya kusa santimita tara. Ka shanya ƙasar sosai kafin ka yi amfani da ita. Kada fentin feshi ya taɓa soson kai tsaye, narkar da shi yake yi. Tsinken tsire yana yin azara, gwangwanin lemo da aka buɗe aka matsa masa layuka yana yin kwanon rufi. Ku daina haɗa gam da fulawa ko sitacin rogo, kyankyasai da ɓeraye kuke gayyata.

Ya batun sanya mutum-mutumi a ciki?

Wannan tambaya ta malamai ce, a kai musu. Ni ba na sanyawa, kuma ban ga aikina ya ragu ba: buta a gefen tabarma, da takalmi a ƙofar zaure, da bonet a buɗe sun isa su nuna cewa akwai mutane a wurin.

Ta yaya zan kare ta daga ƙura?

Da akwatin gilashi, babu wata dabara bayan wannan. Masu yin tagogin alminiyam za su yanka maka daidai awon da ka kai musu, ka bar sararin santimita uku zuwa biyar a kowane gefe. Kada ka ajiye ta a inda rana take faɗowa ta taga, domin launi yana koɗewa, farar roba kuma tana komawa ruwan ɗorawa. Kada falankin ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango, saboda gara. Idan ƙura ta shiga duk da haka, buroshi mai laushi irin na kwalliyar mata ake sawa a share a hankali, ba tsumma ba, ba kuma ruwa ba.