Ƙarfen sabis a bayan katanga: wace doka ce ke iko da shi?

Tun da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a 2001, ƙarafan sabis suka yi ta tsirowa a cikin unguwanni, wani a filin da aka yanka daga gidan gado, wani a bayan makaranta, kuma kusan duk inda aka kafa ɗaya sai an sami mai tambayar ko wa ya ba da izini.

Wace hukuma ce ke ba da izinin kafa ƙarfen sabis?

Ba hukuma ɗaya ba ce, kuma nan ne tushen yawancin rigingimun. Kundin tsarin mulki ya ɗora sha'anin sadarwa a wuyan gwamnatin tarayya, saboda haka Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda ke aiki da dokar sadarwa ta 2003, ita ce ke ba kamfanoni lasisi, ita ce kuma ta fitar da ƙa'idojin gina ƙarafan a 2009. Sai dai ƙarfe a kan ƙasa yake tsayawa, ƙasa kuwa dokar filaye ta 1978 ta danƙa ta a hannun gwamnoni, sannan a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Shi ya sa kamfanin da ke riƙe da lasisin Abuja sai ya koma wurin hukumar tsara birane ta jiha, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, neman izinin gini. Bayan su akwai NESREA mai kula da muhalli, da hukumar sufurin jiragen sama, NCAA, mai tantance tsawon ƙarfen domin kada ya shiga hanyar jirgi. Fentin ja da fari da jar fitilar da ke ƙyaftawa a ƙololuwa da dare duk saboda matuƙa jirgi aka wajabta su.

Tazarar mita nawa ya kamata a bari tsakanin ƙarfen da gidan mutane?

A kan wannan tambaya hukumomin tarayya biyu suka taɓa sa zare a bainar jama'a. Ƙa'idar NCC ta 2009 ta ce mita 5, ita kuwa NESREA a dokokinta na 2011 ta ce mita 10 daga katangar gida, makaranta ko asibiti. A 2012 abin ya kai ga NESREA ta garƙame wata tashar sabis a wani rukunin gidaje a Abuja, jami'an NCC suka je suka buɗe, NESREA ta dawo ta sake rufewa. Bambancin mita biyar ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san tsohon gari: a lungunan cikin birnin Kano ko Zariya, inda katangar wannan take jingine da ɗakin wancan, samun fili mai sararin mita goma ta kowane ɓangare sai an tona, alhali a irin wuraren nan ne masu waya suka fi cunkushewa, sabis ya fi yankewa. A ganina kowace hukuma tana da hujjarta. Laifin na wanda ya bar dokoki biyu suna karo da juna ne, har kamfani ya bi ɗaya ya wayi gari ya karya ɗayar.

Maƙwabci zai iya hana kafa shi saboda tsoron cutar daji?

Zai iya kai ƙorafi, amma hujjar ba ta da ƙarfi a gaban hukuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2006 cewa babu gamsasshiyar shaidar kimiyya da ke nuna raunanan siginar da tashoshin ke fitarwa na cutar da lafiya. Abin da ya fi damun maƙwabta a zahiri yana ƙasa, ba a sama ba: janareta mai kwana yana ruri har tagar ɗaki tana karkarwa, hayaƙin da ke baƙanta shanyar tsakar gida, da man gas da ke tsiyaya daga tanki ya bi ƙasa har ruwan rijiya ya soma wari. Waɗannan ana iya auna su, dokokin muhalli sun yi magana a kansu, kuma mai ƙorafin da ya tsaya a kansu ya fi kusa da samun biyan bukata.

Yaya wasu ƙasashe suka raba wannan gardama?

Amurka ta yi wa abin iyaka a dokar sadarwa ta 1996. Ta bar wa ƙananan hukumomi ikon tsara inda za a kafa ƙarfe, amma ta hana su ƙin amincewa saboda fargabar siginar muddin kamfani ya cika ma'aunin hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta kuma wajabta a rubuta ƙin amincewa tare da hujja. A 2009 FCC ta ƙara wa'adin ba da amsa: kwana 90 idan eriya za a ɗora a kan ƙarfen da ke tsaye, kwana 150 idan sabo za a gina.

Me ya sauya a 'yan shekarun nan?

Akalar doka ta karkata wajen kare kayan sadarwa. Kamfanoni sun daɗe suna kukan haraji barkatai da rufe tashoshi da jami'an jihohi ke yi idan ana bin su kuɗi. A farkon 2020 gwamnoni suka amince da naira 145 a kan kowace mita ta ramin da ake binne wayar intanet, Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa wannan farashi, Kaduna ma ta yafe kuɗin ɗungurungum, ko da yake ba duka jihohi suka cika alkawari ba. A 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, bisa dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda ya sa lalata su ya zama babban laifi. Mutanen Zamfara dai ba sa bukatar a yi musu bayanin muhimmancin ƙarfen sabis, tun da a Satumban 2021 aka kashe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, ɗan kasuwa ya koma yin doguwar tafiya domin kiran waya guda.

Wanda aka nemi hayar filinsa fa, me zai duba?

Ya fara sanin da wa yake ƙulla yarjejeniya, domin yawancin ƙarafan yanzu ba na kamfanonin layi ba ne. Tun wajen 2014 suka sayar da dubbansu ga kamfanoni irin su IHS da ATC, waɗanda ke ɗora eriyar kamfani biyu ko uku a kan ƙarfe ɗaya. Hayar kan ɗauki shekaru masu yawa, don haka ya kamata takarda ta fayyace yadda za a riƙa sabunta kuɗin, da wanda zai ɗauki asara idan ƙarfen ya faɗi ko mai ya gurɓata rijiya, da wanda zai tone kankaren gindinsa ranar da aka tashi. Idan filin na gado ne, a tabbatar duk magada sun sa hannu a gaban lauya kafin motar siminti ta iso.