Baƙin Cikin Rashi da Ciwon Damuwa a Fina-finai: Tambayoyi da Amsoshi

Da farko, baƙin cikin rashi da ciwon damuwa ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma haɗa su wuri guda shi ne kuskuren farko da masu rubuta labarin fim suke yi. Baƙin cikin rashi ba cuta ba ne. Wanda aka yi wa mutuwa, abin yana taso masa ne yana lafawa: ya ga takalmin mamacin a bakin ƙofa ya fashe da kuka, bayan awa guda kuma wani ya tuno wani barkwancin marigayin ya yi dariya. Tunaninsa yana kan wanda ya rasa, amma bai daina ganin darajar kansa ba.

Ciwon damuwa kuwa zama yake yi daram. Likitocin ƙwaƙwalwa suna neman alamomi aƙalla 5 cikin 9, waɗanda suka ɗauki mako 2 ko fiye, kusan kullum: ƙuncin rai, daina jin daɗin abin da aka saba jin daɗinsa, canjin cin abinci ko nauyin jiki, rashin barci ko yawansa, sanyin jiki ko rashin natsuwa, kasala, ganin kai ba a bakin komai ba ko yawan zargin kai, kasa tattara hankali, da yawan tunanin mutuwa. Dole ɗaya daga cikin biyun farko ta kasance a ciki. Yana iya biyo bayan rashi, yana kuma iya kama wanda ba a yi masa mutuwa ba, ba a sake ta ba, bai yi asarar ko kwabo ba.

Me ya sa fina-finai suka fi yin kuskure a kan ciwon damuwa?

Domin kyamara abin da ake gani take ɗauka, shi kuwa wannan ciwo yawancinsa rashin aikatawa ne. Wanka da ba a yi ba, waya da ba a ɗaga ba, tuwo da ya huce a kwano, shago da aka daina buɗewa a kan lokaci. Darakta yana da minti biyu ya fahimtar da mai kallo halin da jaruma take ciki, sai ya ɗauki hanya mafi sauƙi: hawaye, tagumi, kiɗa mai taushi, da tuno baya.

A fina-finan Hausa akwai hanyoyi biyu da aka fi bi. Ta farko, damuwa ta koma ciwon zuciya: jarumi ya dafe ƙirji ya faɗi, a yayyafa masa ruwa, a kai shi asibiti, likita ya ce a guji ɓata masa rai. Ta biyu, ta koma hauka tuburan, da yagaggun kaya da sambatu a bola, sannan a gano sammu aka yi. Abin da ke tsakanin waɗannan biyun, wanda shi ne halin da mafi yawan masu ciwon suke ciki, ba a cika nuna shi ba. Mutum ne da ke zuwa aiki, yana amsa gaisuwa da “lafiya lau”, yana farkawa ƙarfe uku na dare barci ya ƙi dawowa. Sau da yawa ma ba ya cewa ransa a ɓace yake. Ciwon kai yake kawowa asibiti, ko zafi a tsakiyar ka, ko nauyin ƙirji, ko jin kamar wani abu na yawo a jikinsa. Namiji kuma yakan nuna shi da saurin fushi da faɗa a gida.

Illar wannan a fili take. Iyalin da suka koyi cewa matsalar ƙwaƙwalwa ita ce tsince-tsince a titi ba za su gane 'yarsu mai jego da ta daina cin abinci, take cewa ba ta iya komai ba, tana buƙatar likita ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna fama da wannan ciwo.

Makoki fa? Ai shi ana nuna shi da yawa.

Ana nuna farkonsa. Labarin mutuwa, salati, kururuwa, tabarmi a ƙofar gida, masu ta'aziyya suna cewa “ya haƙuri?”. Daga nan sai rubutu ya fito a allo cewa bayan shekara ɗaya, a ga bazawarar ta yi kwalliya. An tsallake wurin da nauyin yake. Kwanakin zaman makoki gida cike yake da mutane da abincin maƙwabta. Bayan an watse, an yi sadakar uku da ta bakwai, dangi sun koma garuruwansu, a nan mai takaba take fuskantar wata huɗu da kwana goma, da yara masu tambayar ina Baba, da maganar gado, da kuɗin cefane da babu mai ajiyewa da safe. Labari mai ƙarfi yana nan, kuma ba ya buƙatar kuɗin lokeshan mai yawa, ɗaki ɗaya ya isa.

Fina-finan Turawa nasu kuskuren daban ne. Sun riƙe matakai biyar na baƙin ciki da likitar ƙwaƙwalwa Elisabeth Kübler-Ross ta zayyana a 1969, daga ƙin yarda zuwa fushi har zuwa sallamawa, suna jera su kamar dole kowa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa a kan marasa lafiyar da suke dab da mutuwa ta yi aikinta, kuma masu bincike a kan rashi ba su samu cewa mutane suna bin wannan jeri ba. Mai kallo da bai ji fushi ba, ko wanda kukansa ya dawo bayan wata takwas, bai kauce wa wata ƙa'ida ba.

Akwai kuma dabi'ar sa wani dattijo a fim ya tsawata wa mai hawaye da cewa kuka rashin tawakkali ne. Wannan ba daidai ba ne ko ta fuskar addini. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub (AS) wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska.

To me ke sa mutane son fim mai sa kuka?

Mai kallo yana taɓa baƙin ciki ne alhali ya san ba abin da zai same shi, kuma yana iya kashe talabijin duk lokacin da ya so. Ga wanda ya danne kukansa a makoki don kada a ce ba shi da haƙuri, fim yakan ba shi dalilin yin kukan. Wani bincike da Robin Dunbar da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Oxford a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka kalli fim mai sosa rai tare, juriyarsu ga zafi ta ƙaru, kuma sun ji sun fi kusantar juna.

Amma ba kowa ne yake samun wannan sauƙin ba. Mai ciwon damuwa yana da halin juya tunani ɗaya a rai ba tare da ya kai ƙarshensa ba, kuma kallon shiri mai ɗaci kashi bayan kashi shi kaɗai a waya har asuba yana ƙara masa wannan, ya kuma cinye barcin da yake buƙata.

Da gaske fim zai iya tura mutum ya kashe kansa?

Fim shi kaɗai ba ya sa lafiyayyen mutum ya yi haka. Haɗarin yana kan wanda dama yake bakin gaɓa, musamman matashi da ya ga kansa a jikin jarumin. Masanin zamantakewa David Phillips ya nuna a 1974 cewa kashe kai yana ƙaruwa bayan jaridu sun yayata irinsa. Misalin da aka fi ambata a fim shi ne shirin 13 Reasons Why na Netflix, wanda ya fito a ƙarshen Maris 2017, ya kuma nuna yadda jarumarsa ta kashe kanta dalla-dalla. Wani bincike ya gano cewa kashe kai tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 a Amurka ya ƙaru da kashi 28.9 cikin 100 a watan Afrilun da ya biyo baya. Masana sun yi saɓani kan ko shirin ne sanadi, amma a Yulin 2019 kamfanin ya cire wannan fitowar.

Akwai ɗaya ɓangaren mai daɗin ji. Mai bincike Thomas Niederkrotenthaler na Biyana a ƙasar Ostiriya ya nuna a 2010 cewa labaran da suka bayyana yadda wani ya shiga wannan tunani ya kuma fita suna da alaƙa da raguwar kashe kai.

Me mai shirya fim zai yi a aikace?

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu shirya fina-finai a kan wannan batu. Kada a nuna lokacin da mutum yake kashe kansa ko hanyar da aka bi, ko sunan abin da aka yi amfani da shi, ko yawansa. Kada a rataya mutuwar a kan dalili ɗaya tak kamar auren dole ko faɗuwa jarrabawa, domin hakan yana koya wa mai irin matsalar cewa ga mafita. Ya kamata a nuna alamomin da suka gabata, kamar rabar da kaya da yin bankwana ba dalili, da wanda ya lura ya tambaya kai tsaye. A sa gargaɗi a farkon shirin, a kuma ba likitan ƙwaƙwalwa labarin ya duba tun yana kan takarda, ba bayan an gama ɗauka ba.

Mafi haɗari a irin labaranmu ita ce fitowar nadama, inda iyaye ko miji suke durƙushe kan gawa suna cewa da sun sani. Matashiyar da take jin an zalunce ta za ta karanta wannan a matsayin hanyar rama abin da aka yi mata. A guji irin wannan fitowar gaba ɗaya.

Yaya warkewa take a zahiri, idan ba kamar ta fim ba?

A fim, sabon miji ko dawowar masoyi yakan warkar da komai a fitowa ɗaya. A asibiti, magunguna irin su fluoxetine da amitriptyline suna ɗaukar mako 2 zuwa 6 kafin a ji tasirinsu, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Inda aka fi samun matsala shi ne mara lafiya ya daina a mako na biyu yana cewa ba ya aiki, ko a wata na biyu yana cewa ya warke, sai ciwon ya dawo. Akwai kuma magani ta hanyar zama da ƙwararre ana tattaunawa, yawanci sau ɗaya a mako na 'yan watanni. Addu'a da kulawar dangi suna tafiya tare da wannan, ɗaya ba ya korar ɗaya. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano suna duba irin waɗannan marasa lafiya su koma gida a ranar, ba sai an kwantar da su ba.

Iyaye fa, me za su lura da shi?

Su san abin da yaro yake kallo a waya, su kalli kashi ɗaya ko biyu tare da shi, su tambaye shi wa ya fi tausaya wa a labarin kuma me ya sa. Jimami na yini ɗaya bayan fim mai taɓa zuciya ba abin tsoro ba ne. Idan kuwa rashin barci, ƙin abinci da keɓe kai suka haura mako 2, a kai shi a duba shi. In ya fara maganar gara ya mutu, ba a jiran mako biyun: a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa masa tunanin, a kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.