Windows da Linux a faifai ɗaya: tambayoyin da ɗaliban Yamai ke yawan yi

Ɗalibi ya sayo kwamfuta ta hannu a Katako, malaminsa a Jami'ar Abdou Moumouni ya ce sai da Linux za a yi darasi, shi kuma ba ya son rabuwa da Windows. Daga nan tambayoyin ke farawa.

Kwamfuta ɗaya za ta ɗauki duka biyun?

Za ta ɗauka. Faifan kamar fili ne, ana yanka shi kaso-kaso, abin da masu gyara ke ce wa partisiyon. Windows na zama a kaso mai tsarin ajiye fayiloli na NTFS, Linux galibi a mai tsarin ext4. Ubuntu, wato wani nau'in Linux, na neman aƙalla giga 25, amma ni ba na ba ta ƙasa da 50. Ka fara sa Windows, sannan Linux. Windows ba ta san haƙƙin maƙwabtaka ba: in ta zo daga baya takan ture GRUB, wato jerin da ke tambayarka wacce za ka shiga idan ka kunna.

Ina sa Windows sai ta ƙi, ta rubuta wani abu a kan "style de partition GPT". Faifan ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Hanyoyin rubuta iyakokin kaso iri biyu ne. MBR tsohuwa ce, tun 1983, manyan kaso huɗu kawai take ɗauka, kuma ba ta wuce tera 2. GPT ita ke tafiya da UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, Windows na yarda da kaso 128 a kanta, kuma Windows 11 sai da UEFI. Saƙon na nufin ka tayar da kilen USB ɗinka a tsohon tsarin Legacy alhali faifan na GPT ne. Ka kashe, ka sake tayar da kilen a UEFI. Ita ma Linux a tsarin da Windows take za ka sa ta, in ba haka ba GRUB ba zai ga Windows ba.

Wani zai ce maka ka shiga diskpart, manhajar Windows ta yanka faifai, ka rubuta clean. Saƙon zai ɓace kam, tare da duk iyakokin kason da ke faifan. Ƙona rumbu ne don a kashe ɓera.

Linux ba ta ganin faifan, ko tana gani amma ba ta iya rubutu a kason Windows.

Ka kashe "démarrage rapide" a Windows, domin shi ke barin kason a kulle. In BitLocker, wato makullin sirri da Windows ke sa wa faifai, na aiki, ka adana lambar ceto mai alƙaluma 48 kafin ka taɓa komai. In faifan ne gaba ɗaya bai fito ba, duba a saitin UEFI ko hanyar haɗa faifan tana kan Intel RST maimakon AHCI, amma sai an shirya Windows kafin a canza, in ba haka ba za ta ƙi tashi.

Ina rage kaso aka ɗauke kuran. Yanzu an rubuta RAW a kan kason, Windows tana cewa in yi "formater". In yi?

Kada ka yi! Nan ne mutane ke asarar aikin shekara guda da hannunsu. Sau da yawa abin da ya ɓace shi ne bayanin iyakoki, kamar takardar fili ta ɓata amma ginin na nan tsaye. Muddin ba ka rubuta sabon abu a kai ba, fayilolinka na wurin. Kashe kwamfutar, ka tayar da ita da kilen Linux, ka yi amfani da TestDisk, manhajar kyauta ta wani Bafaranshe, Christophe Grenier. Tana bin faifan tana neman tsofaffin iyakoki. Abin da ta gano, ka kwashe shi zuwa wani faifan daban kafin ka ce ta gyara.

In kuwa GParted, manhajar yanka kaso ta Linux, na tsakiyar kwashe fayiloli ne wutar ta tafi, lamarin ya fi tsanani, domin rabi na nan rabi na can. Manhajar ceto fayiloli ta PhotoRec na iya tsamo hotuna da takardu, amma ba da sunayensu ba, sai ka zauna kana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutocin hannu da yawa baturinsu ya mutu tun kafin su iso Yamai, ga yadda wuta ke yi a watan Afrilu da Mayu. Ni dai ba na fara wannan aiki sai mai kwamfutar ya kwashe kayansa a wani wuri, kuma na ga baturin na riƙe caji.

Me ya sa agogon Windows ke komawa baya da awa ɗaya duk sanda na fito daga Linux?

Linux na ajiye agogon na'ura a lokacin UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, Windows kuma na ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, ga Nijar na gaban UTC da awa ɗaya. Da azumi wannan na iya sa ka ci sahur bayan alfijir. A Ubuntu ka buɗe taminal ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sannan ka shiga Windows ka daidaita agogon sau ɗaya.