Albarkatun Ƙasa da Tattalinsu

Albarkatun ƙasa su ne abubuwan amfani da ɗan'adam ya tarar a doron ƙasa ko a ƙarƙashinta ko a cikin ruwa ba tare da shi ya samar da su ba, kamar ƙasar noma da ruwa da dazuzzuka da namun daji da kifi, da kuma ma'adinai irin su tama da tagulla da zinare da kwal da ɗanyen mai da iskar gas. Masana sun saba raba su gida biyu: waɗanda suke sake farfaɗowa bayan an ɗiba, da waɗanda idan aka haƙe su sun tafi ke nan. Wannan rabo yana sauƙaƙa fahimta, amma yana iya ruɗar mai tsara manufa, domin daji ko tafki ko kifin teku ma sukan salwanta cikin 'yan shekaru idan ɗiban ya zarce hayayyafar.

Albarkatu masu farfaɗowa

Ƙa'idar tattalin wannan rukuni tsohuwa ce. A shekarar 1713 Hans Carl von Carlowitz, wani jami'in kula da haƙar ma'adinai a yankin Saksoni na Jamus, ya lura cewa wuraren narka ƙarfe da ramukan haƙa suna cinye itatuwan yankin, sai ya yi kira da kada a sare abin da ya wuce wanda dajin zai iya mayarwa. Ma'anarsa ita ce a ci riba a bar uwar kuɗi, kuma a kan wannan tunani aka gina ƙayyade yawan katakon da za a sare ko kifin da za a kama a kowace shekara.

Abin da ya faru da kifin kod a gaɓar Newfoundland ta Kanada ya nuna sakamakon saɓa wa ƙa'idar. Masunta sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kamun wannan kifi bai ƙare ba, har zuwa lokacin da manyan jirage suka iso ɗauke da na'urorin gano inda kifi ya taru, suna jan taru a ƙasan teku, suna kuma yanka kifin su daskarar da shi a cikin jirgin ba tare da sun koma gaɓa ba. A shekarar 1968 an kama sama da tan 800,000. A 1992 gwamnatin Kanada ta dakatar da kamun, mutum kimanin 30,000 suka rasa sana'a, kuma dakatarwar da aka yi zaton ta shekara biyu ce sai a 2024 aka ɗage ta. Haka Tekun Aral, wanda a da shi ne tafki na huɗu a girma a duniya, ya ƙafe sannu a hankali tun daga shekarun 1960, bayan Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya domin ban ruwan gonakin auduga. A garin Moynaq na Uzbekistan, jiragen masunta suna nan girke a kan yashi sun yi tsatsa.

A 1968 wani masani ɗan Amurka mai suna Garrett Hardin ya bayyana cewa duk arzikin da yake na kowa da kowa ƙarshensa lalacewa, tunda mai ɗiba shi kaɗai yake cin riba, asara kuwa a raba ta ga jama'a. Elinor Ostrom, wadda ta zama mace ta farko da ta sami lambar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa ba dole ba ne haka ta kasance. Daga cikin misalanta akwai ƙauyen Törbel na Suwizalan, inda tun ƙarni na 16 ba a yarda makiyayi ya kai makiyayar gari shanun da suka fi waɗanda zai iya ciyarwa a lokacin hunturu ba. Bincikenta ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi, domin ya tabbatar da cewa masu cin gajiyar arziki sukan iya kiyaye shi idan an bar su sun kafa doka, sun sa ido, sun hukunta mai saɓawa.

Ma'adinai da kuɗin da suke kawowa

Ma'adinai ba sa hayayyafa, saboda haka tattalinsu ya ta'allaƙa ne ga abin da aka yi da kuɗinsu. Tsibirin Nauru na tekun Pasifik, wanda ya sami 'yanci a 1968, ya taɓa shiga sahun ƙasashe mafiya arziki idan aka auna da yawan jama'a, albarkacin fosfet ɗin da ake haɗa takin zamani da shi. Amma da ma'adinin ya ja baya, sai ga mafi yawan ƙasar tsibirin ta zama ramuka, asusun da aka tara kuma ya narke. Norway kuwa, wadda ta gano mai a filin Ekofisk a 1969, ta kafa asusu na musamman a 1990, tana zuba kuɗin man a hannayen jari na ƙasashen waje, gwamnati ba ta ɗiba sai kaso kaɗan a shekara. Botswana ma ta riƙe rabin hannun jarin kamfanin Debswana mai haƙar lu'ulu'u, ta kuma kashe kaso mai tsoka na ribar a makarantu da asibitoci da hanyoyi.

Akwai kuma illar da ake kira cutar Holan, wadda ta samo suna daga abin da ya biyo bayan gano iskar gas a yankin Groningen na ƙasar Holan a 1959: kuɗin waje ya kwararo, darajar kuɗin ƙasa ta tashi, sai kayan sauran masana'antu suka yi tsada a kasuwar duniya.

Ciniki da dokokin ƙasa da ƙasa

Da yake albarkatu ba su rabu daidai a faɗin duniya ba, cinikinsu ya haifar da ƙungiyoyi da yarjejeniyoyi masu yawa. A 1960 Iran da Iraƙi da Kuwait da Saudiyya da Benezuwela suka kafa OPEC a Bagadaza domin su sami ta cewa a farashin mai. Yarjejeniyar CITES ta 1973 tana ƙayyade cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, kuma ƙarƙashinta aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa iko da albarkatun da ke cikin mil 200 na ruwa daga gaɓarta, yayin da tsarin Kimberley na 2003 ya nemi toshe hanyar sayar da lu'ulu'un da 'yan tawaye ke sayen makamai da kuɗinsa.

Babbar taƙaddamar da ta rage ita ce ta wurin sarrafawa, domin riba mai kauri tana wajen tacewa da ƙira, ba wajen haƙa ba. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ce ke haƙo kusan kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin duniya, wanda ake buƙata wajen yin baturan waya da na motocin lantarki, amma mafi yawansa a Sin ake tace shi. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020 domin tilasta kafa masana'antun narka shi a cikin gida. Masana'antun sun kafu, sai dai da yawansu da wutar kwal suke aiki, kuma haƙar ta ci dazuzzuka a tsibiran Sulawesi da Halmahera.