"Sensa ce": wace daga cikinsu?

Yanzu a garejojin Maraɗi duk abin da ya sami mota amsarsa ɗaya ce. Ta fara shan mai, sensa ce. Allurar zafi ta hau, sensa ce. Masu Faransanci su ce sond, masu sayo kaya daga Kano da Katsina su ce sensa, har ka ji mai talla yana rantsuwa tasa tana "sanyaya inji".

Sensa ba ta sanyaya komai. Zafin ruwan inji take aunawa ta kai rahoto. Abin haushin kuma, a motoci da yawa, musamman tsofaffi, abu uku ake kira da wannan suna, dukansu masu kan tagulla da zare. Akwai mai waya ɗaya da ke motsa allurar da direba ke kallo. Akwai makunnin fanka, wanda shi ba ya ma aune, kunnawa da kashewa kawai ya sani. Sannan mai waya biyu, wadda ke magana da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Sai a canza ta allura, a ce wa mai mota an gama, alhali ta ƙwaƙwalwa ce ke ƙarya.

Ita mai waya biyun, ƙwaƙwalwa ke tura mata wutar lantarki mai ƙarfin bolt 5. A cikinta akwai ɗan abin da ke tare wutar, kuma ƙarfin tarewarsa raguwa yake yi idan ruwan inji ya yi zafi: a Toyota da yawa kusan om 2,500 (om ma'aunin tarewar wuta ne) a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. Ƙwaƙwalwa ba ta taɓa jin zafi ba, wannan lissafin kaɗai take karantawa.

To ga inda ake kashe sabuwar sensa tun ran da aka ɗaura ta. Filoginta roba ne, zafi ya gasa shi shekara da shekaru, ana taɓawa ya ruguje. Sai yaron gareji ya yanke, ya feɗe waya da haƙori, ya murɗa, ya naɗe da salatif. Ranar lafiya lau. Bayan ƙurar hunturu da wankin inji, mahaɗar ta yi tsatsa, ita ma ta fara tare wuta. Ƙwaƙwalwa ba ta iya bambance tarewar tsatsa da ta sensa, haɗawa take ta ɗauka inji bai yi zafi ba. Sai ta ƙara mai, ta jinkirta fanka, a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, mota cike da kaya a hanyar Ɗan Isa. Mai mota ya dawo, a ce masa, "Alhaji, jabu aka sayar maka." Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa mahaɗar ce, wadda sabon filogi da ɗan ɗigon dalma za su raba gardamarta.

Gardamar wace waya ke dama wace ke hagu kuwa, a mai waya biyu ɓata baki ne, ko ta ina aiki take. A mai waya uku, wadda ta haɗa aikin allura da na ƙwaƙwalwa, a nan juyawa ke ɓarna. Mai waya ɗaya kuma ta jikin zarenta take samun mas, wato hanyar da wuta ke komawa ta ƙarfen inji, don haka wanda ya lafta mata farin tef don kada ruwa ya ɗiga yana iya kashe allurar da hannunsa.

Kafin a yanke mata hukunci, a ɗora mitar auna om a ƙafafunta biyu, a tsoma kanta a ruwan zafi, a ga ko lambar na sauka. In an ɗaura sabuwa, da inji a sanyaye, a fitar da iskar da ta shiga hanyar ruwa, don sensar da iska ta kewaye ba zafin ruwa take aunawa ba.